Tandun Gormal

Da hantsi ne, iska na kaɗowa daga teku da ɗan yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa mutum sai ya daɗe a cikinsa. Gormal na tsaye a bakin garken duwatsu ta harɗe hannuwa a ƙirji, tana kallon yadda baƙuwar nas ta jera tubalan wutarta a gindin bango. Tsibirin ba shi da bishiya ko ɗaya, da baƙin taɓon fadama ake girki, a yanko shi tubali-tubali a shanya. Kowa ya san tsaye ake jingina su, kai da kai, don iska ta ratsa. Ita kuwa wannan ta kwantar da su kamar littattafai, ruwa yana kwanciya a kansu.

"Ku dubi aikin mai ilimi," in ji Gormal, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Wutar shayinta ta gagare ta, amma wai ita za ta koya mini karɓar haihuwa."

Matan da ke zaune kan katanga suka kwashe da dariya.

Shekara arba'in da ɗoriya Gormal tana ungozoma a tsibirin. Duk wanda bai yi furfura ba a hannunta ya faɗo duniya. Waɗanda suka faɗo suka koma kuwa sun fi waɗanda suka tsaya yawa, suna can bayan coci a jere, ƙananan duwatsu ba suna. Ciwon kwana takwas ake ce masa. Jariri zai zo lafiya lau, ya sha nono kwana huɗu, biyar, sai wata safiya ya ƙi kama nono, haɓarsa ta sarƙe, bayansa ya lanƙwashe, kafin kwana na takwas ya fita an gama. Shi ya sa ba a ɗinka wa jariri riga sai ya wuce kwanakin nan, a tsumma ake naɗe shi. Wasu su ce hayaƙin ɗaki ne, wasu su ce kitsen tsuntsun da iyaye mata ke ci ne. Gormal ta ce ikon Allah ne, wanda ya ce ba haka ba ya je ya tambaye Shi.

Yanzu ga 'yarta Marsaili da tsohon ciki, na huɗu. Uku na can bayan coci. Mijinta Tormod har ya tsinci katakon da teku ta turo ya jingine bayan ƙofa, bai ce ga abin da za a yi da shi ba, ba wanda ya tambaya kuma, kowa ya san na akwatin gawa ne.

Ita nas ɗin, Ishbel Rennie sunanta. Fasto ne ya yi ta rubuta wasiƙu zuwa birnin Gilasgo har aka turo ta a jirgin farkon bazara. Wata biyu ke nan, an haihu sau biyu, duk biyun an sa mata sakata a ƙofa. Ba mai kiranta da sunanta, 'Yar Birni ake ce mata.

Ranar nan ana fiɗiyar 'yan raguna ne. Tormod ke riƙe da wuƙa, maza na kamowa, mata na tsegumi. Sai ga Ishbel ta fito da farin gyalenta, tana taka kashin tumaki da ɗan yatsan ƙafa kamar kyanwa a cikin ruwa. Ta zo ta tsaya gaban Gormal.

"Iya, barka da hantsi. Maganar Marsaili nake so mu yi, ko da mu biyu ne."

"Faɗi a nan, yarinya. Ba ni da abin ɓoyo."

Ishbel ta dubi matan. "Man nan ne da kike shafawa a cibiya. Ina roƙonki, wannan karon ki bar shi."

Man tsuntsayen dutse ne, waɗanda maza ke sauka da igiya su kamo a jikin tsauni, a matse musu shi daga baki. Da shi ake kunna fitila, da shi ake shafa wa tsofaffi gwiwa. Amma na cibiya daban yake. Yana cikin wani tandu na tumbin babban tsuntsun teku, rataye a ɓangaren shanu na ɗakin Gormal. Na kakarta ne. Ba a taɓa wanke shi ba, ba a taɓa barin sa ya ƙare ba, kowace shekara sai dai a ƙara sabo a kan tsoho.

"Me man ya yi miki?" in ji Gormal.

"Ba man ba ne shi kaɗai. Akwai wasu halittu, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu..."

"Aljanu ke nan."

"A'a, Iya. Ƙwayoyin cuta. Suna cikin ƙasa, suna cikin kashin dabbobi. Sukan yi shekaru kwance kamar iri a rumbu, ba su mutu ba, ba su motsa ba. In suka sami rauni suka shige, sai su farka."

"Ke kin gan su?"

"Na gan su, a madubin likita mai ƙara girman abu. Kamar 'yan sanduna suke, masu ƙulli a kai."

"Beathag, kin ji?" Gormal ta juya ga maƙwabciyarta, wata mai faɗin baki. "Har da sandunansu. Ba su da huluna?"

Beathag ta dafe ciki don dariya. "Tambaye ta ko suna zuwa coci!"

Kunnuwan Ishbel suka yi ja, amma ba ta fasa ba. Ta ce abin da waɗannan halittu suka ƙi jini shi ne iska. Cibiya kuwa rauni ce a buɗe. In aka shafa mata man da ya shekara yana shan ƙurar turken shanu, aka naɗe da tsumma, to an kai su gida ne an rufe musu ƙofa. A nan za su hayayyafa, su riƙa zubar da dafi. Dafin ba ya tsayawa a cibiya, jijiya yake bi sannu a hankali har ya kai gadon baya, shi ya sa sai an kwana biyar ko shida ake ganin aikinsa. In ya kai, sai ya hana naman jiki saki. Haɓa ce ke fara kamawa.

"Ta iya tatsuniya," in ji Gormal. "Yarinya, 'ya'ya nawa kika haifa?"

"Ban yi aure ba."

"To nawa kika binne?"

Gormal ba ta jira amsa ba.

"Ni na haifi tara, na binne bakwai. Da hannun nan na wanke su. Sai ke, da ko tubalin wuta ba ki iya jinginawa ba, ki haye teku ki zo ki ce mini ni na kashe su?"

"Ban ce..."

"Tormod! Kamo mini tagwayen baƙar tunkiyata."

Tormod mutum ne marar son magana, balle da surukarsa. Ya kamo su. Gormal ta aika aka ɗauko tandun, ta ɗaga shi sama kowa ya gani, baƙi ƙirin yana ƙyalli.

"Ga naki, ga nawa. Ki yi wa naki tsafinki na birni, in yi wa nawa irin na kakata. Ran Lahadi ta sama sai mu ga wanda 'yan sandunan suka cinye."

Ishbel ta ce ita ba gasa ta zo yi ba. Aka yi mata ihu. Sai ta cije leɓe, ta koma gida ta tafasa wata wuƙa a tukunya, aka fiɗiye nata da ita, ta kawo wani ruwa mai warin kwalta ta wanke wa nata raunin, ta barbaɗa wata hoda rawaya, ta sake shi. Gormal kuwa ta sa Tormod ya fiɗiye nata da wuƙarsa ta kullum, ta lakato mai da yatsa biyu ta cusa har ciki, ta liƙe da ulu. Ta ɗaura wa nata jan zare a wuya.

"Je ka, ɗan albarka," ta ce, ta buga masa gindi. "In ka gamu da su ka gaishe su."

Kwana shida ɗan ragon nan yana tsalle a kan tudu. Duk wanda ya wuce ƙofar Ishbel sai ya tsaya ya tambaye ta ko baƙinta sun iso. Beathag har share ƙofar ɗaki take yi tana cewa, "Ku matsa, kar in take ku."

Ran na bakwai da sassafe, rana ta fito fes, Gormal ta hau tudu duba tumakinta. Ta ga baƙar tunkiya da ɗa ɗaya a gindinta, marar zare. Ta yi kira, ta zagaya bayan wani dutse.

Ga mai jan zaren nan kwance a gefe ɗaya. Ƙafafunsa huɗu a miƙe kamar na kujera, wuyansa ya karkata baya, kunnuwa a tsaye. Idonsa biyu, yana kallonta. Da ta taka wani ɗan dutse ya yi ƙara, sai duk jikinsa ya ƙara ɗaurewa, bayansa ya lanƙwashe kamar baka.

Gormal ta durƙusa. Ba ta yi shawara da zuciyarta ba, hannunta ne ya yi abin da ya saba, ta kai ƙaramin yatsanta bakinsa don ta ji ko zai buɗe. Haɓar kamar an ɗaure ta da waya. Ta san wannan taurin. Ta san shi fiye da yadda ta san muryar mijinta da ya rasu.

"Tun jiya da yamma ya fara ɗingishi."

Ta waiwaya. Ishbel ce zaune can gefe a kan dutse, gyalenta duk raɓa. Ashe kullum takan hau ta duba su.

"Muguwar ciyawa ya ci," in ji Gormal.

"Wataƙila."

"Ko kuma maye ne ya kama shi. Ko faɗuwa ya yi."

"Wataƙila, Iya."

"Kar ki ce mini wataƙila da wannan bakin naki kamar na kifi! Je ki, sauka ki buga ƙararrawar coci, ki tara su. Ai abin da kike jira ke nan."

Ishbel ta tashi ta kakkaɓe siket. "Ni ba don rago na zo tsibirin nan ba," ta ce. Ta kama hanya ta gangara, ba ta ƙara waiwayowa ba.

Gormal ta zare wuƙar ɗamararta ta hutar da shi. Ta ɗauke shi zuwa bakin tsauni, inda tsuntsaye ke ta kewaya suna kuka, ta kwance jan zaren ta sa a aljihu, ta sake shi. Ko ƙarar faɗawarsa ruwa ba ta ji ba.

A gari ta ce ya faɗa tsauni. Beathag ta ce ai dole, lafiya ce ta yi masa yawa, man ya sa shi rawar kai. Aka yi dariya, aka ce gasa ta tashi ba wanda ya ci. Gormal ta jira ta ji 'Yar Birni ta yi magana. Aka kwana, aka sake kwana, shiru. Wannan shirun ya fi ba ta haushi a kan komai. Wato har ta kai a tausaya mata, ita Gormal, kuma wa? Yarinyar da ke shan shayi mai sanyi.

Ranar Asabar ta shiga ɓangaren shanu ta tsaya gaban tandun. Ƙasan wurin taki ne na duk damina da hunturu, ba a kwashewa sai za a kai gona. Ta dubi ƙurar da ta kwanta a bakin tandun. Ba ta ga komai ba, ƙura ce kawai. Ta ce a ranta ɗan rago ɗaya ai ba hujja ba ne, dabbobi na mutuwa kullum.

Sai wani labari ya faɗo mata, wanda ita da kanta ta sha bayarwa a gaban mutane. Marsaili ba a gida aka haife ta ba. A can ƙetaren tudu ne, wurin kiwon bazara, naƙuda ta kama Gormal ba shiri, tandu na gida. Da zaren gyale ta ɗaure cibiyar, ta bar ta haka nan iska na bugu. Kullum in ta ba da labarin takan ce, "Ku dubi taurin ran yarinyar nan, ko mai ba ta samu ba amma ta rayu." Ɗaya ɗan nata da ya rayu kuwa, wanda ke aikin jirgi yanzu, shekarar da aka haife shi kakar Gormal na kwance ba lafiya, ba wanda ya tuna da tandu sai da cibiya ta bushe.

Ta daɗe a tsaye. Saniya ta juyo ta dube ta.

"Ke kuma me kike kallo?" in ji Gormal.

Naƙudar Marsaili ta zo ran Talata da azahar. Kafin a ce haka ɗaki ya cika da mata, Beathag ta riga ta ɗauko tandun ta ajiye kusa da murhu don man ya narke. Gormal ta leƙa waje, ta ga Tormod zaune kan dutse yana jujjuya hularsa.

"Kai, tashi ka kira mini 'Yar Birni."

Tormod ya buɗe baki. "Inna, wa?"

"Kurma ka zama? Ta zo ta riƙe mini kwano. An biya mata kuɗin jirgi tun daga Gilasgo, ai gara ta ga yadda ake aiki kafin ta koma ta ce ba a koya mata komai ba."

Beathag ta ce, "Gormal, lafiyarki kuwa? A ɗakin haihuwa?"

"Ɗakinki ne? Ku fita ma duka, kun cika mini wuri da numfashi. Fita, Beathag, bakinki ya tare haske."

Suka fita suna gunaguni. Ishbel ta shigo da jakarta, tana haki. Gormal ta sa sakata, ba ta dube ta ba.

"To, ga tukunya can. Dafa almakashin naki, tun da ku a birni har ƙarfe kuke ci."

Ishbel ta dafa almakashi da zare. Ta zuba ruwan nan mai warin kwalta a kwano ta miƙo wa Gormal. Gormal ta dubi kwanon kamar an miƙo mata fitsarin kare. Ta naɗe hannun riga ta tsoma, ta cuɗa har gwiwar hannu, ta kankare ƙarƙashin farce.

"Sun mutu, ko in ƙara? Kar in bar wani da sandarsa."

"Ƙara kaɗan, Iya."

Ta ƙara.

Mace aka samu, da la'asar, mai baƙin gashi da murya kamar ta tsuntsun teku. Gormal ce ta ɗaure cibiya, ita ta yanke, don wannan ba ta bar wa kowa. Sannan ta matsa gefe taku ɗaya. Ishbel ta barbaɗa hodarta, ta rufe da ɗan farin ƙyalle mai shara-shara da ta ciro daga takarda.

Marsaili ta ɗago kai daga shimfiɗa, gumi ya jiƙe mata gashi. "Inna, man fa? Ba ki shafa mata ba."

"Kwanta."

"Inna, don Allah. Uku na rasa da man ma, ina ga babu? Kar ki bar mini ita haka tsirara."

Gormal ta ji abin ya soke ta, amma fuskarta ba ta nuna ba. "Ke wa ya shafa miki? Ga ki nan shekara talatin kina cika mini kunne. Kwanta na ce."

Ta ɗauki tandun. Ya yi ɗumi, man ya narke, warinsa ya tashi, warin da ta sani tun tana riƙe wa kakarta zane. Ta jujjuya shi a hannu sau biyu. Sai ta tura shi tsakiyar murhu, ta danna da ƙarfen wuta. Wutar ta tashi har ta kusa lasar rufin ɗaki, ta yi ta tartsatsi, sannan ta kwanta.

Da ta zare sakata, Beathag ce a gaba. "Wane irin ƙauri ne wannan? Ina tandu?"

"Kin ajiye shi a bakin wuta kamar marar hankali, ya zame ya faɗa. Na kakata, Beathag. Allah ya isa ban ce ba, amma kar ki ƙara taɓa mini kaya."

Beathag ta yi ta rantse-rantse, har da hawaye. Gormal ta bar ta da shi.

To, sai jira. Kowace safiya Ishbel takan zo ta canza ƙyallen, Gormal na tsaye a kanta tana cewa ba haka ake riƙe jariri ba, wa ya koya mata, ko a birni 'ya'yan katako ake haifa. In ta tafi, sai Gormal ta wanke hannu a ɓoye, ta kai ƙaramin yatsanta bakin jaririyar. Kwana na huɗu ta tsotsa. Na biyar ta tsotsa. Ran na shida ta yi ta kuka ta ƙi nono tun safe har azahar, Marsaili ta juya fuska bango ta daina magana, Tormod ya fita da katakonsa zuwa bayan ɗaki. Gormal ta zauna da yarinyar a cinya tana taɓa haɓarta, tana sake taɓawa. Laushi. Can sai 'yar ta yi wata gyatsa kamar ta babban mutum, ta kama nono kamar za ta cire shi.

"'Yar banza," in ji Gormal. "Iska ce ashe."

Na bakwai ya wuce, na takwas ya wuce. Ran na tara da safe cibiya ta faɗi, wurin a bushe, tsaf. Marsaili ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado ta ciro allura da wani yadin ulu da ta ɓoye tun cikinta na fari. Tormod ya dawo da katakon, ya zauna bakin ƙofa yana auna shi da tafin hannu, wai ko zai isa gadon jariri.

Mata suka cika ɗaki. Wata ta ce hayaƙin tandun ne ya shiga jikin yarinyar, albarkar kakanni. Wata ta ce ai hannun Gormal ne, ko da ruwa ta shafa sai an tashi. Beathag ta ce to yanzu sai a nemi sabon tumbi a ɗura mai kafin haihuwar matar ƙanenta.

"Ba za a ɗura ba," in ji Gormal. "Wancan na kakata ne, ba a yi masa na biyu. 'Yar Birni za ta riƙa riƙe mini kwano, tun da ba ta da aikin yi. A hankali ma ta koya."

"Wato kin yarda da 'yan sandunanta?"

"Ni? In kin gan su ki kamo mini ɗaya in sa a miya."

Ishbel na tsaye a bakin ƙofa da jakarta, ta ji duka. Ta ce a gaida mai jego, ta juya ta tafi.

Da rana ta yi sama Gormal ta fito za ta tudu. Hanya ta bi da ita ta gindin bangon nas ɗin. Tubalan na nan yadda suke, a kwance, sun sha ruwa har sun fara tsiro. Ba hayaƙi a bututun ɗakin. Ta tsaya ta yi tsaki mai tsawo. Ta ajiye sandarta, ta sunkuya tana nishi, ta shiga ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana jinginawa tsaye, kai da kai, bakinsu na fuskantar iska. Ta zaɓi huɗu masu ɗan dama-dama ta ajiye a bakin ƙofa.

Labulen taga ya motsa, ya koma. Ba wanda ya fito. Gormal ta goge hannu a zane, ta ɗauki sandarta ta hau tudu wurin tumakinta.